Zunnun al-Misri: Waliyyin da Ya Saurari Tasbihin Halitta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Sunansa Saubanu ɗan Ibrahim, alkunyarsa Abul Faidi. An haife shi a Akhmim, kudancin Masar, mahaifinsa kuwa mutumin Nuba ne. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka ruwaito daga Imamu Malik, kuma yana cikin na farko da suka tsara bayanin halaye da maƙamai na ma'abota tafarki a Masar.

Imamu Ƙushairi ya kawo sababin tubarsa. Ya fita zuwa wani ƙauye, barci ya ɗauke shi a daji. Da ya farka sai ya ga wata ƴar tsuntsuwa makauniya ta faɗo daga sheƙarta. Ƙasa ta tsage, tasoshi biyu suka fito, ta zinariya da ta azurfa, ɗaya da riɗi, ɗaya da ruwa. Ta ci, ta sha. Nan ya gane cewa Wanda bai manta da makauniyar tsuntsuwa ba, ba zai manta da shi ba. Sai ya lizimci ƙofar Ubangiji har aka karɓe shi.

Daga nan kunnensa ya buɗe. Abu Nu'aimi ya adana munajatinsa a Hilyatul Auliya, inda yake bayyana cewa kukan dabba, motsin ganye, gudun ruwa, kaɗawar iska da rugugin aradu duk shaida ne gare shi kan kaɗaitakar Allah. Wannan shi ne ma'anar aya ta 44 a Suratul Isra'i: kowane abu na tasbihi, mu ne ba mu fahimta.

Maganganunsa sun jawo masa tuhumar zindiƙanci. Aka kai shi Iraƙi gaban Halifa Mutawakkil. Ya yi masa wa'azi har halifan ya yi kuka, ya sallame shi cikin girma. Ya rasu a Giza a shekara ta 245 bayan Hijira. An ruwaito cewa tsuntsaye sun yi wa gawarsa inuwa.

Ya ɗan'uwa, in ka gama wuridin asuba, kada hannunka ya riga zuciyarka zuwa ga waya. Kurciya na kuka, iska na ratsa karan gero. Ka yi shiru kaɗan, ka saurara.

Allah ya ƙara masa yarda, ya amfane mu da albarkarsa. Amin.