Tarihin Doug Wickenheiser, matashin da aka zaɓa na ɗaya

A ranar 12 ga watan Janairun 1999 Doug Wickenheiser ya mutu a birnin St. Louis na Amurka, yana da shekara 37, bayan ya yi fama da cutar daji.

Shekara 19 kafin haka, babu wani matashi a ƙasar Kanada da ake yi wa fatan alheri a wasan hoki na kan ƙanƙara kamarsa. Amma har ya bar wasa, ba a daina ambatonsa ba a matsayin zaɓin da ƙungiyar Montreal Canadiens ta yi kuskure a kansa.

Yadda ake zaɓen matasa

Hoki na kan ƙanƙara shi ne wasan da ya fi kowanne farin jini a Kanada. 'Yan wasa shida ne a kowane ɓangare, suna sulɓi a kan ƙanƙara da takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanda zuwa raga. Faifan shi ne ƙwallon wasan.

Babbar gasar wasan ita ce NHL, wadda ta haɗa ƙungiyoyin Kanada da na Amurka. A wannan gasa ba a sayen matasa kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa ta Turai. Sau ɗaya a shekara ƙungiyoyin kan taru su zaɓi matasa bi da bi, kuma ƙungiyoyin da suka fi rauni a kakar da ta wuce ne ke fara zaɓe.

Saboda haka, wanda aka fara kira ana ɗaukarsa tamkar wanda zai ceto ƙungiya. Tun bai buga wasa ko ɗaya ba, an riga an ɗora masa nauyin gari guda.

Tasowarsa

An haifi Wickenheiser ranar 30 ga watan Maris na 1961 a Regina, babban birnin lardin Saskatchewan da ke yammacin Kanada. A garinsu ya yi suna, a ƙungiyar matasa ta Regina Pats.

A kakar 1979 zuwa 1980 ya ci ƙwallo 89, ya kuma taimaka aka ci 81. Jimilla maki 170 ke nan, domin a hoki ana ba da maki ga wanda ya ci da wanda ya miƙa. Ƙungiyarsa ta lashe gasar matasa ta yammacin ƙasar, shi kuma aka ba shi kyautar gwarzon matasan Kanada na shekara.

Dogo ne mai jiki, kuma ɗan wasan tsakiya ne, wato gurbin da Montreal ke nema ido rufe. Ƙungiyar ta ɗauki Kofin Stanley sau huɗu a jere daga 1976 zuwa 1979, sannan wasu manyan 'yan wasanta, ciki har da Jacques Lemaire mai riƙe tsakiya, suka bar ta.

Montreal ba ta cikin masu rauni, amma ta samu damar zaɓen farko ta hanyar wani ciniki da ta yi da ƙungiyar Colorado Rockies tun 1976.

Zaɓen da bai yi wa gari daɗi ba

An yi zaɓen ne a watan Yunin 1980 a birnin Montreal. Yawancin mutanen lardin Quebec, inda birnin yake, Faransanci suke yi, kuma makonni kaɗan kafin nan aka yi ƙuri'ar raba gardama kan makomar lardin a cikin Kanada. Maganar harshe da asali tana da zafi a lokacin.

Magoya baya da 'yan jarida da dama sun so a ɗauki Denis Savard, ɗan lardin mai jin Faransanci, wanda suka saba gani yana wasa a birnin. Shugabannin ƙungiyar suka ɗauki Wickenheiser, baƙo daga yamma mai jin Turanci. Savard ya tafi ƙungiyar Chicago a matsayin zaɓi na uku.

Masana wasan da yawa sun yarda a lokacin cewa Wickenheiser ne ya cancanci zama na ɗaya. Sai dai daga ranar, da Savard ake auna duk abin da ya yi.

Shekarun Montreal

A kakarsa ta farko, mai horar da ƙungiyar Claude Ruel ya riƙa ajiye shi a benci. Wasa 41 ya buga, ya ci ƙwallo 7. A wannan kakar Savard ya tara maki 75 a Chicago, inda aka sakar masa mara ya yi wasansa.

Bambancin ya ƙara faɗi a shekarun da suka biyo baya, Savard ya shiga sahun taurarin gasar. Wickenheiser kuwa ana ta sauya masa gurbi, wani lokaci a tsakiya, wani lokaci a gefe, jaridun birnin kuma ba su raga masa ba.

Kakarsa mafi kyau ita ce ta 1982 zuwa 1983, inda ya ci ƙwallo 25 ya tara maki 55. Ga wani matashin mai shekara 22, wannan abin yabo ne. Ga wanda aka zaɓa na ɗaya, bai isa ba.

A watan Disambar 1983 Montreal ta miƙa shi tare da wasu 'yan wasa biyu ga ƙungiyar St. Louis Blues, ta karɓi ɗan wasa ɗaya. Manajan St. Louis a lokacin shi ne Ron Caron, wanda yana cikin waɗanda suka sa Montreal ta zaɓe shi tun farko.

Daren da ake tunawa

A St. Louis ya samu sauƙin surutu. Ya koma ɗan wasa mai taimaka wa masu tsaron baya, kuma ya ci ƙwallo 23 a kakar 1984 zuwa 1985.

Ana cikin haka, a watan Maris na 1985, mota ta buge shi yayin wata fita ta raha da 'yan ƙungiyar suka yi a wajen birni. Ya ji mummunan rauni a gwiwa, sai da aka yi masa aiki, ya shafe watanni da dama bai yi wasa ba.

Ya dawo a kakar da ta biyo. Ranar 12 ga watan Mayun 1986, St. Louis ta karɓi baƙuncin Calgary Flames a wasa na shida na zagayen kusa da ƙarshe, kuma in ta sha kashi an fitar da ita. Ana cin ta 5 da 2 a kashin ƙarshe na wasan, sai ta farke ƙwallo uku. A ƙarin lokaci Wickenheiser ya ci ta shida.

Mutanen St. Louis suna kiran wannan dare da suna abin al'ajabin daren Litinin. Calgary ce ta yi nasara a wasa na bakwai, ta je wasan ƙarshe, inda tsohuwar ƙungiyarsa Montreal ta doke ta ta ɗauki kofin.

Daga 1987 ya yi wasa a Vancouver da New York Rangers da Washington, sannan ya tafi Italiya da Jamus da Austriya, ya ƙarasa a ƙananan ƙungiyoyin Amurka a 1994. A gasar NHL ya buga wasa 556, ya ci ƙwallo 111, ya tara maki 276. Savard ya tara 1,338.

Rashin lafiya da rasuwa

A 1994 aka cire masa wani ƙari na cutar daji a wuyan hannu. Cutar ta sake bayyana a huhunsa a 1997. Ya mutu ya bar matarsa da 'ya'ya mata uku.

Ƙungiyar St. Louis ta kafa asusun taimako mai ɗauke da lambar rigarsa, 14. Gasar matasa ta yammacin Kanada ta sa sunansa a kyautar da take ba ɗan wasan da ya fi yi wa jama'a hidima, kuma akwai filin wasa mai sunansa a Regina. 'Yar uwarsa Hayley Wickenheiser ta ci wa Kanada lambar zinare sau huɗu a wasannin Olamfik na hunturu.

Ba baƙon labari ba ne

Masu bibiyar ƙwallon ƙafa a Najeriya sun san irin wannan. A 1987, a ƙasar Kanada ɗin, Philip Osondu ya lashe kyautar gwarzon gasar matasa ta duniya bayan Najeriya ta kai wasan ƙarshe. Ƙungiyar Anderlecht ta Beljiyam ta ɗauke shi, amma bai samu gurbi a cikin manyanta ba. Ya rasu a Beljiyam a 2019.

Ko a filayen ƙwallo na Dutse da Aujara, yaron da ya fi tsararsa kan samu kirari tun kafin ƙashinsa ya yi ƙwari, kuma masu kirarin su ne kan fara juya masa baya.

Wickenheiser ba shi ya zaɓi kansa na ɗaya ba. Ƙungiya ce ta yi hasashe a kan yaro mai shekara 19, ta kuma kasa ba shi lokacin da zai girma. Ya yi shekara goma a gasar da akasarin matasan da ake zaɓa ba sa daɗewa a cikinta, ya kuma dawo wasa bayan raunin da kan raba wasu da sana'ar.

A Montreal ana tuna shi a matsayin wanda aka ɗauka maimakon Savard. A St. Louis kuwa, da ƙwallon da ya ci a watan Mayun 1986 ake tuna shi.