Hans Berger: Likitan da ya fara naɗar lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam

Duk mai ciwon farfaɗiya da aka manna wa wayoyi a ka don gwajin EEG a asibiti, yana cin gajiyar aikin wani likita Bajamushe ne, Hans Berger.

An haife shi ranar 21 ga Mayun 1873 a kusa da garin Coburg. Yana matashi a rundunar sojan doki, dokinsa ya kayar da shi a gaban wata igwa da dawaki ke ja, ya tsallake rijiya da baya. A ranar, 'yar'uwarsa da ke nesa ta ji a jikinta cewa wani abu ya same shi, har mahaifinsu ya aika masa telegiram. Wannan ya sa ya karanci likitanci a Jami'ar Jena, yana neman hanyar auna ƙarfin tunani.

Ranar 6 ga Yulin 1924 ya naɗi lantarkin ƙwaƙwalwar wani saurayi ɗan shekara 17 da aka yi wa tiyata a ka. Lantarkin yana da rauni ƙwarai, don haka ya yi ta sauya abin ɗaukarsa: ya soka wayoyin azurfa ƙarƙashin fatar kai, daga baya ya ɗaura fallen azurfa da roba. Sai a 1929 ya wallafa bincikensa, inda ya bayyana wani kaɗawa mai maimaituwa kusan sau 10 a daƙiƙa idan mutum ya rufe ido. Masana sun yi ta shakka har 1934, lokacin da Edgar Adrian da Brian Matthews suka tabbatar da shi a Ingila.

Tarihinsa yana da tabo: ya zauna a kotun gwamnatin Nazi mai hukuncin hana wasu marasa lafiya haihuwa. Ya yi ritaya a 1938, ya kashe kansa ranar 1 ga Yunin 1941.

Yau masu bincike na ƙera abin ɗaukar lantarkin da na'urar ɗab'i ta 3D, mai gina abu hawa-hawa daga narkakkiyar roba, don rage tsada. Kamfanin OpenBCI na Amurka ya saki zanen hular gwajinsa don kowa ya buga. Buƙatar a fili take: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi.