Edward Jenner, Likitan da Ya Fara Yin Lamba

A zamanin da babu cutar da mutane ke tsoro kamar agana. Cikin mutum goma da ta kama, wajen uku sukan mutu. Waɗanda suka tashi kuwa sai ta bar su da zanzana, waɗansu har su makance. Wanda Allah ya nufa da gano hanyar tare ta wani likitan ƙauye ne, sunansa Edward Jenner.

An haife shi a Berkeley, wani ɗan gari cikin ƙasar Ingila, a shekara ta 1749. Yana da shekara biyar iyayensa suka rasu, ya tashi a hannun wansa. Tun yana saurayi aka kai shi wajen wani likita ya koyi aiki. A 1770 ya tafi London ya ƙara ilmi, sa'an nan ya komo garinsu.

Ƙasarsu ƙasar shanu ce, mata ne kuma ke tatsa. Akwai waɗansu ƙuraje da kan fito wa saniya a hantsa, mai tatsa ta ɗauka a hannu, amma ba su kisa. Mutanen ƙauye sun daɗe da lura cewa wadda ta yi waɗannan ƙuraje agana ba ta kama ta. Manyan likitoci ba su kula da zancen ba. Jenner kuwa bai raina shi ba, ya yi shekaru yana bincike.

Ran 14 ga Mayu 1796 ya ɗebi ruwan ƙurji daga hannun wata mai tatsa, ya yi wa ɗan mai aikin lambunsa 'yar tsaga a damtse, ya shafa. Yaron ya yi ɗan zazzaɓi, ya warke. Bayan makonni kaɗan Jenner ya jarraba shi da ruwan agana, ba ta kama shi ba. Jikinsa ya riga ya koyi yaƙi da ƙaramar cuta, saboda haka ya rinjayi babbar. Wannan shi ne asalin lamba.

Da fari an yi masa dariya. Bai yi fushi ba, sai ya ƙara gwaji, ya buga littafi a 1798. Kafin a jima lamba ta bazu ƙasashe da yawa. Ya sa aka yi wata bukka a lambunsa inda yake yi wa talakawa lamba kyauta. Ya rasu a 1823.

Aikinsa bai mutu ba. A Nijeriya an rabu da agana a 1970, a 1980 kuma aka tabbatar ta ƙare a duniya duka. Shi ya sa aka daina yin lamba.

Likitocin da suka biyo bayansa sun samo rigakafi iri iri. Waɗansu da ƙwayar cuta mai rai ake yin su bayan an raunana ta, kamar na ƙyanda, da shawara, da ɗigon shan-inna. Waɗansu kuwa da matacciyar ƙwaya, kamar na tarin shiƙa. Ana yi wa jariri tun yana lafiya lau, don kada cuta ta riga magani zuwa. In yaro na ciwo mai tsanani akan dakata har ya warke, in kuma allurar baya ta wahalshe shi ƙwarai sai a gaya wa ma'aikacin asibiti. Amma 'yar mura ba ta hanawa.

To, yara, in kuna da ƙane ko ƙanwa a goye, ku tuna wa iyayenku ranar zuwa asibiti. Rigakafi ya fi magani.