John Dalziel (1872-1948): Likitan da Ya Tattara Sunayen Tsirran Ƙasar Hausa

An haifi John McEwan Dalziel a Indiya a 1872. Ya karanci aikin likita a Jami'ar Edinbara, daga bisani aka turo shi aiki Nijeriya ta Arewa. Duba marasa lafiya bai hana shi nazarin tsirrai da tattara sunayensu daga bakin Hausawa ba. A 1916 ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary, ƙamus mai gwama sunayen Hausa da na kimiyya, ciki har da itatuwa masu jure fari irin su aduwa da kuka da gawo. Ya rasu a 1948. Har yau manazarta suna komawa ga ƙamusin, domin ya adana sunayen da ke neman ɓacewa daga bakin matasa.