Walter Suskind, Wanda Ya Ɓoye Yara

An haifi Walter Suskind a ƙasar Jamus cikin shekarar 1906. Shi Bayahude ne. Da Hitila ya hau mulki ya shiga tsananta wa Yahudawa, sai Suskind ya yi ƙaura da matarsa zuwa ƙasar Holan a 1938. Bai daɗe da samun sakewa ba, don cikin watan Mayu na 1940 sojojin Jamus suka mamaye Holan.

A 1942 Jamusawa suka soma kwashe Yahudawan ƙasar zuwa sansanonin da a ke hallaka su. Suka mai da wani gidan wasan kwaikwayo wurin tara mutane kafin a tafi da su, aka sa Suskind ya lura da gidan, da kuma takardun sunayen waɗanda aka kawo.

Gidan ya cika maƙil, saboda haka a kan raba yara da iyayensu a ajiye su a wani gidan reno da ke tsallaken titi. Shugabar gidan renon, Henriette Pimentel, ita ma Bayahudiya ce. Ita da Suskind suka ƙulla dabara. Da farko a kan nemi yardar iyaye a asirce, abu mai wuya ƙwarai, don ba su san hannun da ɗansu zai faɗa ba. In sun yarda, sai Suskind da abokin aikinsa Felix Halverstad su cire sunan yaron daga cikin takardu. Sa'an nan a fitar da shi cikin kwando ko buhu, ko a miƙa shi ta kan shinge zuwa kwalejin horon malamai da ke maƙwabtaka, inda shugabanta Johan van Hulst ke jira. Wani lokaci ma sai an dakaci taragon lantarki ya gifta ya kāre idon masu gadi, kana a fice da yaro a guje. Daga nan 'yan gwagwarmaya su kai shi ƙauye wurin masu riƙo. Uwa kuwa a kan ba ta 'yartsana a naɗe cikin bargo, ta rungume, don lissafi ya cika.

Don kada a gane, Suskind ya yi ta jan hafsoshin Jamus a jiki, yana raha da su cikin harshensu. Yahudawa da yawa suka ɗauke shi maci amana, shi kuwa ba halin ya faɗi gaskiya. Ta haka aka ceci yara wajen 600.

An kashe Pimentel a sansanin Auschwitz a 1943. Sa'ad da aka tsare matar Suskind da 'yarsa, bai gudu ya bar su ba. A 1944 aka kai su Auschwitz su duka, aka kashe uwar da 'yar. Shi kuma ya mutu a farkon 1945. Daga baya aka sa wa wata gada a Amsterdam sunansa.