Janar Seyni Kunce, ɗan ƙasar Filinge da ya ɗora tubalin kare daji da namun dawa

An haifi marigayi Seyni Kunce a shekara ta 1931 a garin Fandu, cikin ƙasar Tondikandiya, maƙwabciyar Kurfai, a gundumar Filinge. Ɗan gidan sarautar Zabarmawa ne. Ya tashi a yankin Dallol Boso, wannan tsohon kwari da ruwansa ba shi da nisa a ƙarƙashin ƙasa, inda gawo da goriba ke yi wa gonakin hatsi inuwa, inda manomi da makiyayi ke shan rijiya ɗaya.

A Filinge ya yi makarantar firamare. Daga nan aka kai shi makarantar ƴaƴan soja ta Kati, a ƙasar Mali ta yanzu, sa'an nan ta Saint-Louis a Senegal. Ya shiga sojan Faransa, ya yi aiki a Indocina da Aljeriya. Bayan samun ƴancin kai ya dawo rundunar sojan Nijar a 1961, ya riƙa hawa har ya zama babban hafsan hafsoshi a 1973.

A waɗannan shekaru ne babban fari ya auka wa Sahel. Dabbobi sun hallaka, rumbuna sun bushe, jama'a ta watse neman abinci. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, Kunce ya zama shugaban Majalisar Ƙoli ta Soja. Mulkinsa mai tsanani ne: an rushe majalisar dokoki, an haramta jam'iyyu, an tsare mutane shekaru ba tare da shari'a ba. Amma ya sa ciyar da talaka a gaban kome, kuma ya gane cewa ƙasar da ta rasa itace ba ta riƙe hatsi.

Tun daga 1975, ranar 3 ga Agusta, ranar tunawa da ƴancin kai, ta zama ranar dashen itace a faɗin ƙasa. A wannan shekara ce kuma Nijar ta shiga yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan fataucin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa. Da fari ya sake kunno kai, an kira babban taron ƙasa na yaƙi da hamada a Maraɗi cikin watan Mayu 1984. Abin da aka tsayar a can, wanda ake kira Alkawarin Maraɗi, ya ɗora nauyin dashe da tsaron itace a kan kowace hukuma da kowane gari, bai bar shi ga ma'aikatan gandun daji su kaɗai ba. A 1987 Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare tafkuna da fadamu, ta gabatar da gandun dajin W a matsayin wurinta na farko. A zamaninsa ne kuma aka shirya kafa gandun Ayar da Tenere, mai faɗin hekta fiye da miliyan 7, mazaunin barewa da ragon dutse, wanda aka tabbatar da doka a Janairun 1988.

Sai dai yunwa ba ta bar shi ya miƙe kan hanya ɗaya ba. A 1976 gwamnatinsa ta yanke babban yanki na gandun Tamu, kusa da W, ta buɗe shi ga manoma. Sunan da aka ba wurin, Ayinoma, ya isa bayani. An samu gonaki, amma dajin da ke kare gandun W daga arewa ya ragu. Wannan ita ce matsalar da ta bi dukan waɗanda suka gaje shi: yadda za a tsare namun dawa ba tare da an hana talaka abin sawa baki ba.

Kunce ya rasu a wani asibitin Paris ran 10 ga Nuwamba 1987, bayan doguwar jinya. An rufe shi a Fandu, Ali Saibu ya gaje shi.

Bai ga taron Riyo na 1992 ba, inda ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar kare ire-iren halittu. Nijar ta amince da ita a 1995, ta kafa majalisar kula da muhalli ta CNEDD a 1996, ta tsara shirin ƙasa na kare halittu a 1998, ta sabunta shi a 2014. A 2012 aka kafa gandun Termit da Tin-Tumma. A taron Montreal na 2022 ƙasashe suka yi alkawarin kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku kafin 2030. Waɗannan takardu an ɗora su ne bisa harsashin da aka haƙa a zamanin Kunce.

Shaida mafi kusa tana ƙasar haihuwarsa. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ƙare a ko'ina in ban da Nijar, inda a 1996 ba su wuce 50 ba. Ba a kewaye su da waya ba. Cikin gonaki suke kiwo, daga Kure zuwa Dallol Boso, har yankin Fandu. Da mutanen karkara suka yarda su zauna da su, suka kuma ga amfanin haka, adadinsu ya haura 600 a 2018, shekarar da aka kai 8 gandun Gadabeji. Dallol Boso kansa ya shiga jerin Ramsar a 2004.

Abin da rayuwar wannan bawan Allah ke nuna wa ma'aikaci da manomi shi ne, sa hannu a birnin waje ba ya tsayar da gatari a daji, sai in mai gona ya san rabonsa a cikin itacen da ya bari. Allah ya jiƙan Seyni Kunce, ya gafarta masa kurakuransa.