Louis Braille: Makahon da ya auna rubutu da kan yatsa

An haifi Louis Braille a ranar 4 ga Janairu, 1809, a garin Coupvray da ke gabas da birnin Paris na ƙasar Faransa. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin kayan doki. Yana ɗan shekara uku ya soki idonsa da basilla a shagon mahaifin, ciwon ya kama ɗaya idon, kafin ya cika shekara biyar ya makance.

A 1819 ya shiga makarantar makafi ta Paris wadda Valentin Haüy ya kafa. Littattafan makarantar na da manyan haruffan boko masu tudu, waɗanda ɗalibi ke shafawa ɗaya bayan ɗaya. Tsarin ya yi wa malamai masu gani daɗi, domin suna karanta shi da ido. Shi kuwa makaho, ga nauyin littafi, ga jinkiri, kuma ba shi da hanyar rubuta nasa.

A 1821 wani tsari na Charles Barbier, tsohon hafsan soja, ya iso makarantar. Ɗige-ɗige ne masu tudu har 12 a gida guda, sai dai gidan ya fi kan yatsa tsayi, dole sai an motsa hannu kafin a gane alama ɗaya.

A nan Braille ya gano bakin zaren. Ya rage ɗigon zuwa shida, uku a dama uku a hagu, yadda taɓawa ɗaya za ta wadatar. Daga shidan nan ake fitar da alamomi 63. Ya kammala aikin a 1824 yana ɗan shekara 15, ya buga shi a 1829, har da alamomin kiɗa.

Ɗalibai sun rungumi tsarin nan take, amma hukumomi suka ja ƙafa. Braille ya zama malami a makarantar, tarin fuka ya yi ajalinsa a ranar 6 ga Janairu, 1852, yana da shekara 43. Sai a 1854 aka amince da rubutun a hukumance.

Abin da ya ba tsarinsa nasara shi ne, mai bukatar ne ya gwada da hannunsa. Wannan ma'auni na nan har yau ga duk mai raba keken guragu, na'urar ji ko sandar makafi: a fara tambayar wanda zai yi amfani da kayan, a auna jikinsa da inda yake rayuwa. Tun 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ke bikin Ranar Braille ta Duniya a ranar haihuwarsa.